Surukata na ba ɗana ƙuli-ƙuli a ɓoye, wai don jikinsa ya saba da gyaɗa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Jos, 'ya'yana biyu, namiji ɗan shekara 3 da mace 'yar wata 5. Gida ɗaya muke da mahaifiyar maigidana, kowa da sashensa. Yaron tun yana jariri yake fama da bushewar fata mai ƙaiƙayi. Ranar da aka yaye shi aka dama masa kunun gyaɗa, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, aka ce borin jini ne, muka ba shi Piriton ya lafa. Da Babbar Sallah babansa ya gutsura masa tsire, ko minti goma ba a yi ba leɓensa ya kumbura, ya yi amai, ya kama tari, numfashi na fita da ƙyar. A asibiti aka yi masa allura a cinya, muka kwana can. Likita ya ce ƙulin da ke cikin yajin ne, kada a sake bari gyaɗa ta shiga bakinsa.

Hajiya ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin ɗan Bahaushen da gyaɗa ta kayar ba. Ta ce a riƙa ba shi habbatus sauda da zuma da kurkum, a riƙa ɗanɗana masa ƙuli kaɗan-kaɗan har jikinsa ya saba. Maigidana kuma ya ga wani bidiyo a waya, wai akwai sinadarai a albasa da kurkum da koren shayi masu kashe wannan matsala, yana so ya sa a kawo mana kafso daga Abuja. Makon jiya na shiga ɗakin Hajiya na tarar da guntun ƙuli a hannun yaron, na fizge, na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Yanzu daga gaisuwa ba ma komai, dangin miji na cewa ba ni da kara a kan ɗan fari. Anti, akwai gaskiya a maganar itatuwan nan? Jiki yana sabawa? Ita jaririyar fa, in hana ta gyaɗa gaba ɗaya? Kuma yaya zan yi da Hajiya?

Wata uwa, daga Jos

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jinya, sannu da fargaba. Allah ya ƙara wa yaro lafiya, ya raya miki shi da ƙanwarsa.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Abin da ya same shi da Sallah, kumburin leɓe da amai da tari da sarƙewar numfashi cikin 'yan mintoci, shi ne mataki mafi haɗari na wannan lalura da likitoci ke kira alaji. Allurar da aka yi masa a cinya, ga dukkan alamu adirenalin ce, kuma ita ta tsaya masa bayan ikon Allah. Yaron da ya taɓa kaiwa nan ba a gwaji da shi a gida, ko da ɓarɓashin ƙuli ne, ko lasar yaji. Hannun da kika kai kika karɓe ƙulin nan daidai kika yi, ko gobe kika sake gani ki karɓe. Maganar muryar da ta ɗaga za mu zo kanta.

Garkuwar jikin ɗanki ce ta yi wa furotin ɗin gyaɗa shaidar abokin gaba. Ta ƙera wasu 'yan tsaro da ake kira IgE, suna zaune a bayan wasu ƙwayoyin halitta masu cike da sinadarai a fata da hanci da huhu da hanji. Gyaɗa na shiga sai su gane ta, ƙwayoyin nan su zazzage abin da ke cikinsu, histamin da 'yan'uwansa. In abin ya tsaya a fata, borin jini ke nan. In ya kai ga hanyar numfashi sai ta matse, in ya kai ga jijiyoyin jini sai su saki, jini ya yi ƙasa, yaro ya yi laushi. Piriton histamin kaɗai yake tarewa, shi ya sa yake kwantar da ƙaiƙayi amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya kumbura. Kuma tashin jiya ba ya nuna yadda na gobe zai kasance. Ke da kanki kin gani: na farko fata kawai ya taɓa, na biyu ya kwanar da ku a asibiti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne ƙuli aka zaɓa. In kin taɓa tsayawa kan masu matsar mai kin san yadda abin yake. A soya gyaɗa, a murje, a kai inji, a dawo da ita turmi ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa har mai ya taso, a kwashe. Tunkuzar da ta rage ita ake mulmulawa a soya. Mai ya tafi, furotin ya zauna, kuma furotin ɗin ne ainihin abin da jikinsa ke faɗa da shi. Guntun ƙuli ya fi guntun gyaɗa mai girmansa ƙarfi. Ga shi kuma soyayyar gyaɗa ta fi dafaffiya tayar da wannan lalura.

Duk da haka ba zan ce miki maganar Hajiya babu tushe ba, domin tana da shi. Hanji makaranta ce. Duk abincin da ya bi ta baki, akwai ƙwayoyin garkuwa a bangon hanji da ke ɗaukar ɗan samfurinsa su kai wa sauran, a koya musu cewa wannan na gida ne, kada a taɓa shi. Haka jikin kowa ya saba da gero da wake da nono. Masana sun lura cewa hanyar da abinci ya fara bi ya shiga jiki tana da tasiri: in ta baki ya fara, yawanci jiki yakan karɓe shi, in kuwa ta fata mai tsagewa da ƙaiƙayi ya fara shiga, jiki yakan ɗauke shi ɓarawon da ya hauro katanga. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka buga a 2003, ya sami alaƙa tsakanin shafa wa jarirai mai da ke ɗauke da man gyaɗa a kan fata mai ciwo da kamuwa da wannan lalura. Da kika ce ɗanki ya yi fama da bushewar fata tun yana jariri, kuma bai ɗanɗani gyaɗa ba sai ranar yaye, sai na ce labarin ya yi kama. Ba laifinki ba ne, ko kusa. Likitocin Turai ma sun yi shekaru suna cewa a jinkirta ba yara gyaɗa kafin su gane kuskure ne.

Abin da ya juya tunaninsu shi ne wani likitan yara a Landan, Farfesa Gideon Lack, da abokan aikinsa. A 2008 sun nuna cewa yaran Yahudawa a Ingila sun ninka na Isra'ila kusan sau 10 wajen wannan lalura, alhali a Isra'ila tun jarirai na rarrafe ake ba su wani abin taunawa na gyaɗa. Sai suka ɗauki jarirai 640, 'yan wata 4 zuwa 11, masu ciwon fata mai tsanani ko waɗanda ƙwai ba ya karɓarsu. Aka raba su biyu, wasu ana ba su gyaɗa a kai a kai, wasu an hana su, har suka kai shekara 5. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna cewa ba da gyaɗa da wuri ya rage kamuwa da kusan kashi 80 cikin 100. To kin ga iyayenmu da ke ɗura wa yaro kunun gyaɗa tun yana zama, a ƙasar da aka yi dalar gyaɗa, suna kan hanya. Sai dai wannan riga-kafi ne, na yaron da jikinsa bai riga ya ƙulla gaba da gyaɗa ba. Jariran da gwajin fata ya nuna sun riga sun kamu sosai, tun farko ba a sa su cikin binciken ba.

Shi kuwa wanda ya riga ya kamu, akwai hanyar saba masa da gyaɗa, amma aikin asibiti ne. A Amurka an amince da wani garin gyaɗa na magani mai suna Palforzia a 2020. Ana farawa da rabin miligiram na furotin, a gaban likita, allura na ajiye kusa. Ƙwayar gyaɗa ɗaya tana da kusan miligiram 250 zuwa 300, wato farawar ba ta wuce kashi ɗaya cikin 500 na ƙwaya guda ba. Duk bayan mako biyu a koma asibiti a ƙara kaɗan, a kwashe kusan wata 6 kafin a kai adadin ƙwaya ɗaya. Da duk wannan taka-tsantsan, wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 12 aka buga a 2019 ya nuna cewa yaran da ake wa wannan aiki sun ninka waɗanda ke ƙaurace wa gyaɗa kusan sau 3 wajen samun mummunan tashi. Ribar da ake nema ita ce in yaro ya ci kaɗan bisa kuskure ya tsira, kuma kariyar takan ragu in aka daina. Yanzu ki auna wannan da guntun da za a gutsuro da farce, ba awo, ba allura, asibiti kuma sai an nemi Keke.

Sai maganar itatuwa. Wanda ya yi bidiyon da maigidanki ya gani ba ƙirƙirar sunayen ya yi ba. A albasa, musamman ja, da tuffa da ganyen zogale akwai sinadarin da ake kira kwasetin, kuma in aka zuba shi a kan ƙwayoyin nan masu zazzage histamin a ɗakin gwaji, yana rage musu zafin kai. Kurkumin da ke ba kurkum launinsa ya rage alamun cutar a jikin ɓeraye. Koren shayi yana da nasa, citta tana da nata. Masu bincike suna bibiyar waɗannan da gaske, ni ma ina fata a dace. Amma kusan duk abin da ake faɗa a kansu game da alajin abinci daga kwalbar gwaji da ɓeraye ya fito. Adadin da ake ɗura wa ɓera, in aka auna da nauyinsa, ya wuce abin da yaro zai samu a kwano nesa ba kusa ba. Kurkumin ma kaɗan ne daga cikinsa yake tsallake hanji ya shiga jini. Babu ɗaya daga cikinsu da aka tabbatar yana kare yaro irin naki in gyaɗa ta shiga bakinsa.

Akwai labarin da nake so maigidanki ya ji. A asibitin Mount Sinai da ke New York, wata likita 'yar asalin ƙasar Sin, Xiu-Min Li, ta haɗa itatuwa 9 na maganin gargajiyar ƙasarsu. A jikin ɓeraye haɗin ya yi abin mamaki, ya hana su mummunan tashi bayan an ba su gyaɗa. Aka zo kan mutane, mutum 68, kowa yana shan ƙwaya 10 sau uku a rana har wata 6, wasu na gaske, wasu na bogi don a kwatanta. Da sakamako ya fito a 2015, maganin bai cutar da su ba, amma ba a ga ya ƙara musu juriya ba, kuma da yawansu sun kasa jure shan ƙwayoyin yadda aka tsara. Wannan aikin ƙwararru ne da suka yi shekaru a kai. Kafson da za a kawo daga Abuja, ba a san me ke ciki ba, ba a auna shi don ɗan shekara 3 ba, kuma an sha samun manya da kafson kurkum mai ƙarfi ya taɓa musu hanta. Babban haɗarinsa a wurina ma shi ne kwanciyar hankalin ƙarya: a ce ai yana kan magani, a saki jiki, a bar shi ya lashi yaji.

Inda itatuwa ke da amfanin da zan tsaya a kai shi ne tukunya. A hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu amfani, abincinsu shi ne ɓangaren hatsi da ganye da wake da cikinmu ba ya narkarwa. In suka ci sai su fitar da wasu sinadarai da ke ƙarfafa bangon hanji, su taimaki ƙwayoyin garkuwa masu kwantar da tarzoma. A 2016 masu bincike a Ostireliya sun nuna cewa ɓerayen da aka ciyar da irin wannan abinci sun fi tsira daga alajin gyaɗa, kuma sai da bitamin A aikin ya yi. Nan ma ɓeraye ne, don haka ban ce zai warkar da ɗanki ba. Amma abinci ne da ba ya cutarwa, ya gina shi ta ko'ina, kuma ke a Jos kike, inda mutanen wasu garuruwa ke sayen ragowar abin da kuka zaɓa. Ki shiga Farin Gada ki ɗebo karas da kabeji da alayyahu da jar albasa. Ki yi masa gwaten acha da ganye ba tare da gyaɗa ba, faten wake da manja, miyar kuka, miyar kuɓewa, kabewa, dankalin Hausa, gwanda, mangwaro in lokacinsa ya zo. Ki barbaɗa kurkum a shinkafa in kina so. Duk abin da yake ci lafiya a yanzu, wake ne, awara ce, riɗi, ƙwai ko nono, ki ci gaba da ba shi, kada tsoro ya sa ki rage masa. Yanke wa yaro abincin da jikinsa ya riga ya karɓa yana iya jawo sabuwar matsala.

Habbatus sauda kuwa tana da daraja a wurin kowane Musulmi, kada ki yarda gardamarku ta koma kanta, don nan za ki faɗi ko kina da gaskiya. An yi ƙananan gwaje-gwaje a kanta kan masu atishawa da toshewar hanci da masu asma, wasu sun ga sauƙi. Ɗan kaɗan a abinci ko a zuma ga ɗan shekara 3 ba abin faɗa ba ne, ki dai gaya wa likitansa. Addinin da ya yabe ta shi ne ya ce a nemi magani, a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ki bar wa Hajiya wannan, ki riƙe maganar ƙuli. Ita jaririyar dai ban da zuma sai ta cika shekara ɗaya, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a zuma wadda hanjin jariri bai iya da ita ba.

Wahalar gaske a garinmu ita ce gyaɗa ba ta sallama kafin ta shigo. Tana cikin yajin tsire da na balangu, da labun kilishi, da dakuwa, da kwaɗon zogale da na rama, da miyar taushen da ake zuba wa waina, da garin da ake barbaɗa wa gurasa. Wasu suna sa ta a fate da gwate. Man gyaɗa na gida, wanda ba a tace a kamfani ba, yana ɗauke da furotin, kuma da shi ake soya ƙosai da awara a bakin hanya da yawa. Ko mai tsire ya ce zai ba ki marar yaji, wuƙa ɗaya ce, faranti ɗaya, hannu ɗaya. Ki daka masa nasa yajin a gida, barkono kaɗan da citta da kanumfari da masoro da gishiri, a turmin da aka wanke da sabulu, ki gasa masa namansa, don kada ya riƙa kallon bakin mutane. Biskit da cakulan ki riƙa duba bayan leda. In ya shiga makaranta ko islamiyya, ki je da ƙafarki ki gaya wa malamarsa, domin yara musayar abin tara suke yi. Shi ma ki fara koya masa tun yanzu ya riƙa cewa gyaɗa tana sa ni ciwo, sai na tambayi Mama.

Ki koma asibiti tun lafiya lau, kada ki jira tashi na gaba. Ki nemi ganin likitan yara, a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko wani babban asibiti da ya fi muku kusa, ki roƙa a rubuta miki abin da za a yi in ya ci bisa kuskure. Ki tambaya game da adirenalin. Akwai wadda aka yi kamar biro, uwa na iya soka wa yaro da kanta a gefen cinya, sai dai ba kasafai ake samunta a nan ba kuma da tsada, don haka likita ne zai gaya miki abin da zai yiwu. Kowa a gidan ya san alamun gudu: tari da ba ya tsayawa, numfashi mai ƙara, dishewar murya, kumburin harshe, amai a kai a kai, ko yaro ya yi laushi. In aka ga ɗaya, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya matsa a zaunar da shi, kada a sa shi tafiya, a nufi asibiti mafi kusa. Ba a ɗura masa manja ko madara, ba a tsayawa jiran Piriton ya yi aiki. Ko ya warware bayan allura a bari su riƙe shi, don abin yakan dawo bayan wasu awoyi. In yana yawan tari da daddare ko kirjinsa na ƙara a lokacin sanyi, ki faɗa, domin asmar da ba a kula da ita ba tana ƙara haɗarin.

Akwai gwajin fata da na jini, amma likita ne zai fassara su tare da labarin da kika ba shi. A Ghana an taɓa auna 'yan makaranta, aka sami da yawa jininsu ya nuna alamar, alhali suna cin gyaɗarsu lafiya. Shi ya sa ba na so ki biya kuɗi a auna shi da abinci iri-iri, ki dawo ki hana shi rabin abin da ke gidan. Kuma akwai fata: kusan yaro ɗaya cikin biyar yakan rabu da alajin gyaɗa in ya girma. Hanyar tabbatarwa ita ce a ba shi a asibiti, ana kallo, in likita ya ga lokaci ya yi.

Ita ƙanwar tasa, amsar tambayarki ita ce a'a, kada ki hana ta haka kawai. Ki ci gaba da nono zalla har wata 6. Kafin nan ki kai ta likita ya dubi fatarta, ki gaya masa labarin yayanta. In tana da ciwon fata mai tsanani, mai yiwuwa ya so a gwada ta tukuna, ko a fara ba ta a gabansa. In ya ba da izini, sai a zaɓi gyaɗa mai kyau, ba ruɓaɓɓiya ko mai fumfuna ba, a niƙa ta lukwi, a dama cikin kokonta ya yi ruwa-ruwa. Da safe za a fara, ranar da take lafiya. A lasa mata a bakin cokali, a jira minti 10, in ba komai a ba ta sauran a hankali, a sa mata ido awa biyu. In ta karɓa, a ɗore, kamar ƙaramin cokali biyu sau uku a mako, domin ɗorewar ce ke koya wa jiki. Ƙwayar gyaɗa guda ba a ba ƙaramin yaro, tana shaƙewa. Sanyin Jos kuma yana busar da fata, ki riƙa shafa mata mai, amma ban da man gyaɗa, kuma duk wanda ya taɓa ƙuli ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauke ta.

A nan ne nake ganin ƙofar sulhu da Hajiya. Ki dube ta da kyau: tsohuwa ce da ta raini 'ya'yanta da kunun gyaɗa suka girma, yau an ce abin da ta ciyar da su guba ne ga jikanta, maigidanta na wasa, kuma yarinyar da aka kawo gidan jiya ce ta fizge abu a gabanta. Ba mugunta ta sa ta ba shi ƙuli ba, so ne da rashin ganin abin da kika gani. Ina kyautata zaton ba ta wurin a daren da numfashinsa ya sarƙe. Ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri a kan ɗaga murya, shi kaɗai, ba tare da kin janye maganar gyaɗa ba. Ki ce, Hajiya, tsoro ne ya sa, na ga yaron nan yana neman tafiya a hannuna. Sannan ki gaya mata cewa likitoci sun tabbatar da maganarta a kan jarirai, kuma in likita ya yarda, ita kike so ta riƙa dama wa ƙaramar kunun gyaɗa a sashenta, da kwanonta da cokalinta daban, lokacin da yayan ba ya kusa. Wannan zai raba gyaɗa da ɗakin girkinki, ya kuma mayar mata da matsayinta. Masu cewa ba ki da kara a kan ɗan fari, ki bar su. Kara tana hana uwa kiran suna da rungumar ɗa a gaban surukai, ba ta taɓa cewa a zuba ido yana cin abin da zai halaka shi ba.

Amma kafin ki je wurinta, ki zauna da maigidanki, domin dokar gidan daga bakinsa ya kamata ta fito. Shi ya sa wa yaron tsiren nan a baki, kuma ina jin abin yana cinsa a rai ko bai faɗa ba. Neman kafson nan ma wataƙila hanyarsa ce ta gyara abin da ya faru. Kada ki ɗora masa laifi. Ki ce kuɗin kafson a kai su ganin likita, kuma ku tafi tare, da Hajiya in za ta yarda. Abin da ta ƙi ji daga bakin suruka, sau da yawa takan karɓa daga bakin likita, musamman in ya girmama ta ya yi mata bayani da Hausa. In akwai ma'aikaciyar jinya a dangi, ko ƙanwarta da take jin maganarta, ko malamin da take ganin girmansa, a sa su.

In an yi duk wannan kika ga har yanzu ana ba shi a ɓoye, to ba za a bar shi a sashenta ba sai ke ko babansa na nan, kuma babansa ne zai faɗi haka, cikin ladabi, ba ke ba. Ki ci gaba da kai shi gaisuwa safe da yamma, ki riƙa haɗa shi da ɗan kwanonsa na dafaffen dankali ko yankakkiyar gwanda, ki miƙa wa Hajiya ki ce ga na maigidanki, ke za ki ba shi da hannunki. Ki rubuto mini bayan kun ga likita, ina so in ji abin da ya ce game da fatar ƙaramar.